Anti, bakina mutuwa yake yi idan aka ɗauko zancen zubar da ciki

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 25, na karanta aikin lafiya, yanzu ina aiki a wani kantin magani a Kaduna. Tun ina Islamiyya zuciyata ta tsaya a kan cewa zubar da ciki ɗaukar rai ne, har gobe kuma a nan nake. Damuwata ita ce ba na iya faɗa. A wurin aiki idan hira ta gangaro kan wannan magana, wasu su ce jikin mace nata ne, wasu su ce mata na mutuwa saboda masu irin tunanina, sai in ji gabana na faɗuwa, harshena ya yi nauyi. Ran da na daure na yi magana, wata ta ce ashe har yanzu ƙauyanci bai sake ni ba, aka kwashe da dariya. Wanda ya fi ci mini rai kuwa a gida ya faru. Bara 'yar baffana mai shekara 17 ta yi ciki ba aure. Iyayenmu mata suka kulle ɗaki suka yanke a cire. Na ce, "Gwaggo, rai ne fa." Ta juyo ta ce, "Ke za ki raine shi? Ke za ki samo mata miji bayan duniya ta ji?" Na rasa ta cewa. Aka cire, jini ya ɓalle mata, ta yi kwana tara a asibiti. Allah Ya tashi kafaɗarta, amma yanzu ko ido ba ma haɗawa. Tun daga nan na ɗauka maganata ba ta da amfani, kuma shirun ma yana hana ni barci. Anti, yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ƙara wa ƙanwarki lafiya, Ya sanyaya miki zuciya.

Kin ce ba kya iya faɗa, amma a wasiƙarki na ƙirga sau biyu da kika faɗa. Ɗaya a gaban masu yi miki dariya, ɗaya a ɗakin da kowa ya girme ki, a gidan da aka tarbiyyantar da ke a kan kada ki ɗaga ido ki kalli babba. Rawar murya da faɗuwar gaba ba su soke wannan ba. Lokacin da Allah Ya aiki Annabi Musa da ɗan'uwansa Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare su, zuwa ga Fir'auna, abin da suka fara cewa shi ne suna tsoron ya far musu. Yana nan a Suratu Ɗaha, aya ta 45. Allah bai tsawata musu ba, Ya ce kada su ji tsoro, Yana tare da su, Yana ji Yana gani. A ayar da ta gabaci kukan nasu kuma Ya umarce su da su yi wa Fir'auna magana mai laushi. To idan laushi aka ce a kai wa Fir'auna, ina ga Gwaggo, wadda wataƙila ita ta goya ki?

A kan tambayar Gwaggo nake so mu daɗe, domin ita ce ta karya miki gwiwa, ba dariyar kanti ba.

Gwaggo ta san haramun ne. Da kin jawo mata aya, da ta ƙarasa miki. Abin da ya cika ɗakin nan ranar tsoro ne, kowace da irin nata. Uwar yarinyar na tsoron baffanki ya ɗora mata laifi ya kore ta da 'yar duka. Gwaggo na hango gori a gidan biki da gidan suna, tana hango ƙannen yarinyar da masu nema za su janye musu, tana jin sunan da za a liƙa wa yaron tun daga makarantar allo har ranar da zai je neman aure a tambayi asalinsa. Ke kin shiga da hukunci, su kuma mafita suke nema, kuma mafita ɗaya ce suka gani. Wannan shi ne ciwon da ke damunmu mu Hausawa a wannan lamari, kuma na daɗe ina faɗa wa mata 'yan'uwana: da baki muna cewa haramun, da hali kuma mun toshe wa yarinya duk wata ƙofa sai ta mai cirewa. Wadda ta ji tsoron cirewar ta ɓoye cikin har ya isa, ita ce ake wayar gari a tsinci jaririnta a kwata ko a bola. Namijin da ya yi cikin kuwa yana majalisa yana shan shayi, ba wanda ya kulle ɗaki a kansa.

Addininmu ya nuna mana wata ƙofar. Kin san labarin matar nan Bagamidiya da ta zo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta ce ta yi zina kuma tana da ciki. Ya mayar da ita har ta haihu. Ta dawo da jaririn, ya ce ta je ta shayar da shi har ta yaye. Ta dawo da yaron riƙe da gutsuren gurasa a hannu, sannan aka danƙa shi ga wani daga cikin Musulmi ya riƙe. A wata ruwaya mai kama da wannan, ya kira waliyyin matar ya ce masa ya kyautata mata har ta sauka. Ki duba yadda aka tsare ran wannan yaro, aka tanadi nononsa, aka tanadi mai riƙonsa, alhali kowa a Madina ya san ta yadda aka same shi. Alƙur'ani kuma ya faɗa a wuri fiye da ɗaya cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani.

Saboda haka "wa zai raine shi?" tambaya ce ta gaskiya, kuma duk mai son a bar ciki ya rayu dole ya zo da amsarta a hannu. Ranar ba ki da ita, domin abin ya zo miki ba shiri, kuma ke yarinya ce mai ɗan albashi. Ba na ɗora miki laifi ko kaɗan. Amma yanzu kina da lokacin da ba ki samu ba a ranar, sai ki yi tunanin tun kafin wata ta sake faɗawa, domin tun ran gini ake zane. A danginku wace dattijuwa ce a wani gari da za ta iya karɓar yarinya ta zauna wurinta har ta haihu, ba tare da ta mayar da ita baiwa ba? Wane kawu ko baffa ne mai sanyin zuciya da maza ke jin maganarsa, wanda zai iya tarar uban yarinya kafin ya yi rantsuwar da zai yi nadama? Wane malami ko wace malama kika sani mai riƙe sirri? Akwai wata a dangi da Allah bai ba haihuwa ba, wadda za ta karɓi jariri hannu bibbiyu? Nawa ne kuɗin awo da na haihuwa a asibitin gwamnati mafi kusa, kuma wa zai tunkari dangin namijin su ɗauki nauyinsu? Idan kina da ko rabin waɗannan amsoshi, maganarki za ta canja daga "rai ne fa" zuwa "Gwaggo, a ba ni kwana biyu, akwai wata hanya." Mai jin tsoro yakan saurari wanda ya zo masa da hanya. Ba kullum ba, amma sau da yawa.

Sai kuma ilimi, domin rabin rawar murya daga rashin tabbas take. Ki san mas'alar yadda take, kada ki ƙara mata kada ki rage. Hadisi na huɗu a Arba'una, na Abdullahi ɗan Mas'ud, wanda kika haddace a Islamiyya, shi ne ya kawo kwana 40 sau uku kafin a aiko mala'ika ya busa rai, wato kwana 120. Bayan wannan lokaci malamai sun haɗu a kan haramci, sai idan barin cikin zai kashe uwar. Kafin lokacin akwai saɓani. Wasu malaman Hanafiyya da Shafi'iyya sun yi sassauci idan da uzuri, amma mashahurin zance a mazhabar Malikiyya da muke bi a ƙasar nan shi ne ba ya halatta a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana 40 ba, kamar yadda Shehu Ahmad Dardir na Masar ya bayyana. Ki san da wannan saɓani tun yanzu, don kada wani ya fito miki da shi a tsakiyar hira ki ji kamar ƙasa ta zame miki. Ta fuskar doka, Penal Code ɗin da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ya haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 14. Ta fuskar aikinki kuma kin san ana iya ganin bugun zuciyar ɗan tayi a sikanin tun wajen sati na 6. A Kaduna kike, na tabbata cikin abokan aikinki akwai Kiristoci da ra'ayinsu ya zo ɗaya da naki, cocin Katolika ma tun daga shigar ciki take ƙirga rai. Wataƙila ranar da aka yi dariyar akwai wadda ta yi shiru tana tare da ke.

Akwai kuma abin da nake so ki riƙe da kyau, domin a nan masu ra'ayinmu da yawa suke zubar da mutuncin maganarsu. Ba duk cire ciki ne zubar da ciki irin wanda muke ƙi ba. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa ba zai rayu ba, idan aka bar shi kuma zai fashe ya kashe uwar. Matar da ta yi ɓari aka yi mata wankin ciki ba ta yi laifin komai ba, ta'aziyya take buƙata. Mai jijjiga da jininta ya hau har likita ya ce sai an raba ta da cikin, ceton rai ake yi. Idan kika nuna kin san waɗannan, mai gardama da ke zai gane da ma'aikaciyar lafiya yake magana.

Abokan aikinki da suka ce mata na mutuwa, gaskiya suka faɗa, kada ki musa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kusan 287,000 suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kusan 82,000 daga cikinsu a Najeriya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Cibiyar Guttmacher ta Amurka, wadda ke goyon bayan halatta zubar da ciki, ta ƙiyasta an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a Najeriya a shekarar 2012, duk da dokar da ta hana. Ni na yi shekara fiye da 20 a ɗakin haihuwa, waɗannan lambobi fuskoki ne a wurina. Ba na manta wata yarinya da aka kawo mana da tsakar dare, jikinta kamar garwashi, cikinta ya kumbura, uwarta na rantsuwa zazzaɓin cizon sauro ne. Sai da asuba, da ta ga abin ya fi ƙarfinmu, ta ja ni gefe ta faɗa mini inda suka kai ta kwana biyar da suka wuce. Kafin azahar yarinyar ta cika. Rai biyu aka rasa don gudun bakin mutane. Tun daga ranar ban ƙara iya raba maganar ɗan da ke ciki da maganar uwar da ke ɗauke da shi ba. Don haka idan aka ce miki mata na mutuwa, ki ce, "Wallahi suna mutuwa, ƙanwata ma saura ƙiris. Ni so nake a tsira da su biyun." Daga nan hirar ta tashi daga jifa ta koma tambayar yadda za a yi, kuma a wannan filin kina da abin faɗa: ilimin 'ya'ya mata, hukunta masu fyaɗe da masu yaudarar yara, daina korar yarinya daga gida, awo kyauta ko mai sauƙi.

Maganar ƙauyanci kuwa kada ta tsaya miki a rai. A Amurka kotun ƙoli ta halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar a 1973, aka yi ta ja har kotun ta janye wannan hukunci a watan Yunin 2022 ta mayar da maganar hannun jihohi, kuma har yau ba su gama ba. A Legas ma a 2022 gwamnati ta fitar da ƙa'idoji kan cire ciki bisa dalilan da doka ta yarda, aka yi ca, gwamna ya dakatar da su cikin 'yan kwanaki. Abin da likitoci da alƙalai da malamai suka shekara 49 suna ja a kansa a Amurka, ba ke za ki kammala shi a lokacin cin abincin rana ba, kuma ba wanda ya ɗora miki wannan.

Wannan ma ya kamata ya sauƙaƙa miki. Kina shiga hira da nauyin cewa sai kin yi nasara, shi ya sa harshe ke nauyi. Ki rage kayan. Jimla ɗaya ta isa, wadda kika tanada tun a gida kika maimaita har ta zauna a bakinki: "Ni dai ina ganin rai ne, ba zan iya sa hannu a ciki ba." Ki faɗa da muryarki ta kullum, ki ci gaba da aikinki. Idan aka yi dariya, an yi, ba ta fasa fata. Idan wata ta matsa, ki tambaye ta ita me ya sa take ganin haka, ki saurara har ta gama ba tare da kina haɗa amsa a zuci ba. Sau da yawa wadda ta fi kowa zafi a irin wannan hira akwai abin da ya taɓa ta, ko ita ko wata tata, kuma ba za ta faɗa a taro ba. Shi ya sa na fi son ki bar maganar mai tsawo sai kun keɓe ku biyu, a hanyar gida ko bayan an tashi. A taro kowa mutuncinsa yake karewa. Ki kuma guji kalmomi irin su "kisan kai" da "marasa tsoron Allah" a fuskar mutum, ko da kina ganin hukuncin ya kai nan, domin magana zarar bunu ce, kuma ba ki san wadda ke zaune kusa da ke tana ɗauke da me ba. A Facebook da rukunonin WhatsApp ma haka. Muhawarar da baƙi ke tafa wa ba ta cika sauya zuciyar kowa ba, sai dai ta bar ki da ciwon kai.

Inda maganarki ta fi nauyi kuwa ba ki ma ambace shi ba, wato kan teburin kantinku. Na san irin masu zuwa. Yarinya ta tsaya sai kowa ya watse, ta sunkuyar da kai ta ce a ba ta maganin da zai dawo mata da al'ada. Ko saurayi ya zo da sunan ƙwaya a rubuce a takarda. Ba za ki sayar ba, wannan kin riga kin yanke, doka ma na bayanki. Amma kada ki tsaya a "babu" ki juya baya, domin daga wurinki wani kantin za ta nufa, ko wurin mai sassaƙe. Ki sassauta murya ki ce, "Ƙanwata, wata nawa ke nan? Wa ya sani a gida?" Ki bar ta ta yi kuka idan kukan ya zo. Ki faɗa mata gaskiyar haɗarin, ki faɗa mata abin da kike gani game da ran da ke cikinta, a taƙaice, sannan ki tambaye ta wa take ganin zai iya tsaya mata a dangi. Idan kuma ta riga ta sha wani abu tana zubar da jini, ko tana zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, wannan ba lokacin nasiha ba ne. Asibiti nan take, ko da ke za ki tare mata Keke Napep. Ni ban taɓa tambayar mai zubar da jini abin da ta aikata ba kafin in ɗaura mata ruwa.

Za ki yi wa goma magana, wataƙila takwas su tafi su yi abin da suka yi niyya. Ni ma haka na gani, kuma yana da ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Akwai daren da na koma gida na kasa cin abinci. Abin da ya riƙe ni shi ne ayar nan ta ƙarshen Suratul Gashiya, inda aka ce wa Manzo da kansa shi mai tunatarwa ne, ba mai tilasta musu ba. Ba a ba ki mabuɗin zuciyar Gwaggo ba, ba za a kuma tambaye ki shi ba. Ki daina kwana kina yi wa kanki shari'a a kan abin da manya suka yanke a ɗakin da ke ce ƙarama. Idan rashin barcin ya ci gaba, ki samu wata babba da kika yarda da ita ki amayar mata, kada ki bar shi ya zauna miki a ƙirji.

Saura ƙanwarki. Kin ce ba kwa haɗa ido. Ina kyautata zaton ita gani take kina kallonta a matsayin mai kisa, tunda ke kaɗai kika ce rai ne, ke kuma kina ganin kin kasa cetonta. Shekararta 17 a lokacin, ba ita ta kulle ɗakin ba, ta yi kwana tara tsakanin rai da mutuwa, kuma na tabbata tun da ta dawo gida ba wanda ya zauna ya tambaye ta yadda take ji. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki je gidan baffa ranar Juma'ar nan da ɗan abin da take so, ko tsire ne ko turare. Ki gaishe da iyaye yadda kika saba, ki shiga ɗakinta ki zauna a bakin gado. Kada ki ɗauko zancen. Ki tambaye ta makaranta, ki duba idonta da tafin hannunta ko jininta ya dawo, ki ce za ki raka ta a sake duba ta idan akwai inda ke mata ciwo. Idan wata rana ita ta ɗauko maganar da kanta tana kuka, ki faɗa mata ƙofar tuba a buɗe take, kuma ke 'yar'uwarta ce jiya da yau. Gwaggo ma ki kai mata goro ki durƙusa ki gaishe ta. Ki rubuto mini bayan kin je, ina son in ji yadda kuka yi.